Furannin Len a Rufin Kwale-kwale

Ban hau jirgin nan don cin abinci ba, ko da yake duk wanda ya ga abin da suke tulawa a tebur zai ce don haka aka ƙera shi. Na hau ne don in zuba wa mijina furanni a ruwan da ya cinye shi. Sun yi mini alkawari tun ina gida a Hull, sun saɓa, kuma ba zan daina faɗa ba.

Len yana cikin masuntan da ke zuwa can arewacin Norway kamun kifi a tsakiyar sanyi. Jirginsu ya fita lokacin da 'yarmu Gaynor take rarrafe, bai dawo ba. Ba gawa, ba ko takalmi. Wani mutum daga ofishin masu jirgin ya zo ƙofata da hula a hannu, ya ce sun nutse daura da wani dutse da ake kira North Cape, ya sha shayina, ya tafi. Shekara hamsin ba kaɗan ke nan. Sauran zawarawa suna da kabarin da suke kai wa furanni ranar Lahadi, ni kuwa sai dai in tsaya gaban taswirar da ke bangon cocin masunta.

Gaynor ce ta ga tallar jirgin yawon shaƙatawa.

"Mama, ta gaban wurin yake wucewa," in ji ta.

Ta buga musu waya a gabana, ta saki maganar ina ji. Wata mai zaƙin murya ta ce ba wata matsala, kullum suna yi wa mutane haka, idan an iso wurin za a kira ni, kyaftin da kansa zai tsaya.

A unguwarmu mace ba ta taka jirgi. Ko rakiyar miji zuwa tasha ba ta yi, don in kin ɗaga masa hannu kin sallama shi ga teku ke nan. Na yi shekara talatin ina feɗe kifi har yatsuna suka karkace, amma ƙafata ba ta taɓa hawa abin da ke kan ruwa ba sai ranar da muka tashi daga Newcastle.

Ɗakinmu ba taga. Gadaje biyu ne da fitila da ƙugin inji, ba ki sanin safiya sai kin duba agogo. A waje kuwa tsofaffi ne irina, wasu da sanda, wasu a keke, ana ta ɗura musu abinci kamar ana kiwonsu. A ci na safe, a yi caca da lambobi, a ci na rana, a koya musu rawa, a sha shayi da kek, sai kuma a sa kayan biki a sake ci. Kwana biyun farko teku ta yi ta jijjiga mu, aka rataye jakunkunan amai a kowane mataki, amma layin abinci bai ragu ba.

Teburinmu ɗaya da wani tsohon mahauci daga Barnsley, sunansa Wilf, wanda matarsa ta rasu bara.

"Ke ma neman miji kika zo, 'yan mata?" ya ce da ni ranar farko.

"E. Nawa nake nema."

"Ina ya ɓuya?"

"A ƙarƙashin jirgin nan."

Gaynor ta taka mini ƙafa, ta yi masa bayani. Kunnuwansa suka yi ja, ya turo mini man shanunsa. Daga ranar kullum sai ya ja mini kujera yana cewa, "Ga uwargida sarauniyar kifi ta iso, kowa ya ɓoye wuyansa."

"Rufe baki, mai sayar da ƙashi," nake ce masa. Shi kaɗai ne bai yi mini magana kamar ina jinya ba.

Wata safiya muna ratsa tsakanin tsibirai, ruwa kwance kamar a faranti, ana hango jajayen gidaje da shanya a igiya, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata doguwar yarinya ce daga masu kula da fasinja, an rubuta Saskia a ƙirjinta.

"Madam Tranmer, lokacinku ya yi."

"Mun iso?"

"Lokacin addu'arku, Madam."

Ta bi da mu ta wata ƙofar da fasinja ba sa shiga, muka yi ta sauka har can bayan jirgi inda ake ajiye igiyoyi. Wurin yana warin fenti da shara. Na tarar da iyali biyu a layi, kowannensu rungume da tokar mamacinsa da aka ƙona, a kwali. Ga wani jami'i yaro ƙarami da littafin addu'a, yana karantawa yana satar kallon agogo. Aka zuba na farko, aka ce su matsa. Aka zuba na biyu. Sai Saskia ta miƙo mini wani zagayen ganye kore shar, da kirtani kore.

Ni da ban taɓa barin kore ya shiga gidana ba. Ko labule, ko rigar jariri. Kowace matar masunci ta san kore launin rashin sa'a ne.

"Mene ne wannan?"

"Na kamfani ne, yana narkewa a ruwa."

"Ina North Cape?"

"Sai jibi, Madam. Amma duk masu irin wannan buƙata rana ɗaya muke haɗa su, inda ruwa ya kwanta. Haka tsarin yake."

"Mijina ba ya nan."

Jami'in ya rufe littafinsa, ya ce a hankali, "Teku ai ɗaya ce, Madam."

"Ƙasa ma ɗaya ce. Je ka zuba wa uwarka furanni a kabarin maƙwabta."

"Mama, don Allah," in ji Gaynor.

"Ina kyaftin ɗin da aka ce zai tsaya?"

Suka dubi juna. Na ajiye musu ganyensu a kan igiya, na hau sama da ƙafata.

A ɗaki Gaynor ta zauna bakin gado tana kuka. "Ubana ne ni ma," ta ce. "Ban san fuskarsa ba. Da kin bari mun yi a can, da na samu wani abu."

"Da kin samu ƙarya."

"Ke dai sai naki."

Bayan shayi na fita. Na je kantar masu kula da fasinja na ce ina son ganin kyaftin. Suka ce yana aiki. Na koma da yamma, suka ce yana ɗaukar hoto da manyan baƙi, in ina so in sa kayan biki in shiga layi. Na ce ban zo hoto ba, alkawari na zo karɓa. Suka ce jefa abu a ruwa ba tare da jami'i ba haramun ne, kuma an riga an rufe maganar addu'o'i na wannan tafiya.

Da muka tsaya a Tromsø na ja Wilf ya raka ni gari. Na sayi fararen furanni a wani shago kusa da tasha, da tsadar da ta sa ya dafe ƙirji.

"Da wannan kuɗin ai sai in ba ki rabin saniya."

"Saniyarka ta tsufa kamarka."

Na zauna a benci na tsige ganyen kaf, na ɗaure su da farin zare, na shigo da su cikin rigar sanyina. Suka kwana a ruwa a wurin wanke fuska.

Washegari bayan abincin rana aka yi shela cewa ga North Cape nan. Kowa ya fito saman jirgi a naɗe da bargo, ana raba giya mai kumfa, ana kiɗa, jirgin ya yi ƙara. Duk suka ruga gefen da ake ganin dutsen, baƙi ƙirin, a tsaye kamar an sare shi da gatari. Ni ban zo ganin dutse ba. Len yana ɗaya gefen, inda ba komai sai ruwa mai launin toka har ƙarshen gani. Can na nufa, Wilf yana riƙe da gwiwar hannuna, Gaynor tana biye da mu. Ba kowa a wajen, don iska daga nan take bugowa, tana yanka fuska har hawaye ya zubo ba da kuka ba.

Na daɗe ina kallon ruwan. Ban taɓa zaton haka yake da faɗi ba. Gaynor ta sa hannunta a kan nawa, muka riƙe furannin tare. Na ce, "Len, ga mu." Muka jefa.

Suka fita kaɗan, suka tsaya a sarari, sai iska ta dawo da su. Suka bugi jikin jirgi, suka gangara, suka faɗa kan rufin wani kwale-kwalen ceto da ke rataye a ƙasa da mu. Zaren ya sarƙe a wata ƙugiya. Ga su nan muna kallo, farare a kan jan rufi, suna kaɗawa, tsakaninsu da ruwa bai fi tsawon ɗaki ba.

Wilf ya cire hularsa, ya rasa yadda zai yi da ita, ya mayar.

Kafin in juya wani mai gadi ya iso, ashe suna da ido a kowane lungu.

"Madam, an hana jefa abu. Kuma ba a jifa ta inda iska take zuwa, kowane ɗan jirgi ya san haka. Da can baya kika je."

"Wa zai gaya mini? Mai gaya mini yana ƙasan ruwan nan. Samo sanda ka ture su, tun ba mu wuce ba."

"Ba a taɓa kwale-kwalen ceto sai da izini."

"To nemo izinin."

"Ɗana, sandar goge ƙasa ma ta isa," in ji Wilf. "Ni sai in ture, in an kama ka ce tsoho ne ya ruɗe."

Mai gadin ya yi magana a rediyonsa. Aka ce a tambayi wane, wane yana wurin kiɗa. Aka ce a tambayi wane, wane yana hutu. Na tsaya riƙe da ƙarfe ina kallon ruwan yana wucewa a ƙasa, ruwan Len, yana ta wucewa, har dutsen ya koma baya, jirgin ya karya kwana ya shiga wata ƙaramar tasha mai warin kifi. A nan ne amsa ta zo, wai sai ranar da ma'aikata za su duba kwale-kwalen.

Haka muka juyo kudu da su. Kowace safiya sai in je in leƙa. Suka yi ruwan ƙasa, gishiri ya cinye bakinsu, tsuntsaye suka yi musu kashi, amma zaren bai saki ba, don ni na ɗaure shi. Na ji wata mata tana ce wa mijinta ya ɗauki hoto, wai kila wani ne ya nemi aure aka ƙi shi. Gaynor ta daina zuwa. Ta koma zama a ɗakin karatu da littafi a buɗe, ba ta juya shafi. Wilf ya daina kirana uwargida, sai dai ya ja kujera ya yi shiru, abin da ya fi ba ni haushi.

A Bergen ana ruwan sama na fito na tarar da ma'aikata biyu a kan rufin da tiyo. Na ɗaga murya na ce su miƙo mini, ƙarar ruwa ta hana su ji. Ɗayan ya sa wuƙa ya yanke zaren, ɗayan ya feshe su. Suka faɗa tsakanin jirgi da bangon tasha, cikin baƙin mai da kwalaben roba.

Ranar da muka dawo Newcastle aka ce kowa ya bar ɗakinsa da sassafe, sababbin fasinja suna jira. Na sa rigata, na sa takalmi, na zauna a gado.

"Mama, tashi mu tafi."

"Sai kyaftin ya zo."

Masu shara suka zo suka koma. Saskia ta zo da kwandon 'ya'yan itace an ɗaura masa kirtani. Daga baya wani babba ya zo, mai zane-zane a kafaɗa, ya durƙusa a gabana kamar mai lallashin yaro. Ba kyaftin ba ne, na tambaya.

"Madam, mun yi baƙin ciki ƙwarai. Me za mu yi miki?"

"Ku mayar da ni. Ba na son ɗakinku, ba na son abincinku. Ku ajiye ni a kan igiyoyin nan na baya, in mun isa ku nuna mini gefen da zan tsaya."

Ya ce wannan ce tafiyar arewa ta ƙarshe a bana, jirgin zai koma ƙasashen zafi, na baɗi kuma ba a tsara ba tukuna. Ya ce in rubuto wa ofis. Na ce ban iya rubutun ofis ba, baki nake da shi. Suka kawo keken marasa lafiya, na ce su ba uwarsu. Gaynor ta ɗauki jakunkuna, na bi ta, na bar musu kwandonsu a kan gado.

Tun daga nan kowace Litinin nake kiransu. Gaynor ta ce ita ta gaji, in bar Len ya huta, na ce ai shi yana hutawa, ni ce ban huta ba. Masu ɗaukar wayar sun san muryata, ina jin lokacin da suke rufe bakinta da hannu suna miƙa wa juna. Makon jiya wata sabuwa ta ce an duba, addu'ar da aka alkawarta an shirya ta, ni ce na ƙi karɓa. Na ce ta ba ni wanda ke sama da ita. Ta ce in riƙe, ta sa mini kiɗa. Na jawo kujera kusa da wayar, don ƙafata ba ta ɗaukar tsayuwa kamar da, na riƙe.