Gawar Siyadoris a Ƙofar Otal

"Buɗe ƙofar nan," na ce wa mai gadin. "Ba roƙonka nake yi ba."

Ya dube ni ta tsakanin ƙarafa, ya dubi akwatin gawar da ke kan kafaɗun masunta a bayana, sannan ya sunkuyar da kai.

"Mahattaya, ka yi mini rai. An ce yau ko kare kada ya gifta. Biki ake yi a ciki."

"Ba kare muka ɗauko ba. Siyadoris ne."

Ni Wijesuriya, wanda ake ce wa Mahattaya, wato ranka-ya-daɗe a harshenmu, na wakilci Unguwar Masunta a majalisar garin nan tun tana ƙaramar majalisa mai zama a ɗaki ɗaya bayan tashar jirgin ƙasa, kafin a ɗaga darajarta a ba ta magajin gari mai sarƙar zinariya a wuya. Ban taɓa tsayawa a bakin wata ƙofa ta garin nan ina jiran izini ba sai a ranar.

Hanyar da aka toshe ta girmi majalisar. Siririya ce, tsakanin layin dogon da ke zuwa Kolombo, babban birninmu, da teku, kuma ta nan ake ɗaukar kowane masunci zuwa maƙabarta, domin ya wuce ta gaban ruwan da ya ci da shi. Mahaifina ya ga Baturen gunduma ya sauka daga doki, ya cire hula, ya tsaya a gefe har gawa ta wuce. A shekarun yaƙi soja sun ja waya mai ƙaya a wurin, amma suna janye ta idan an zo da mamaci. Shekarar da teku ya hau gari ma, a kan buraguzai muka taka da mutanenmu. Sai majalisar yanzu ta ba wani otal hayar gaɓar, otal ɗin ya gina katanga daga layin dogo har cikin ruwa.

Siyadoris maƙwabcina ne, shingen ganyen kwakwa ne kawai tsakanina da shi. Bai iya rubuta sunansa ba, kuma bai taɓa barina in gama jawabi ba tare da ya yi mini dariya ba. Da ciwo ya kwantar da shi, na same shi wata la'asar a baranda yana tauna ganyen bulat, goron mutanenmu, wanda likita ya hana shi.

"Ga majalisa ta iso," in ji shi, sannan ya kira matarsa. "Lilawati, ba shi kujera kafin ya fara ba mu tarihin kujerar."

"Ka tofar da abin nan, zai kashe ka."

"An riga shi." Ya yi tari mai tsawo, ya share jan yawun da bayan hannu. "Mahattaya, kai ne mai sanin wa ya yi me a zamanin wa. Kada ka bari a saka ni a mota a bi da ni ta babban titi kamar buhun shinkafa. Ta bakin ruwa aka kai ubana."

"Ta nan za a kai ka. Na ba ka maganata."

"To, ajiye ta gajera haka. Kada ka ƙara mata komai."

Ranar da ya cika, unguwa ta yi abin da ta saba. Aka rataye fararen tutoci daga bakin lungu har ƙofar gidansa, aka kashe murhun Lilawati, maƙwabta suka riƙa shigowa da shinkafa da miyar kabewa da busasshen kifi. Ni kuwa na sa kwat ɗina na tafi wurin Magajin Gari Tilakaratna, yaron da na sani tun yana bin ubansa tallar kwakwa a tasha. Ya tashi tsaye, ya sa aka kawo shayi. Na jero masa Baturen, da sojan, da shekarar ruwa, ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai.

"Kawu, ai wannan ba abin da za ka taso da kanka ba ne. Ƙofa a buɗe za ku same ta."

A kan wannan maganar na ja mutane zuwa hanyar. Da ya ce mini a'a a ofishinsa, da na san abin yi. Amma a wurinmu gawa ba ta komawa ta inda ta biyo. Idan ta bar gida ta bar shi, ba a juya ta. Tilakaratna ɗan garin nan ne, ya san haka sarai.

Masu wanki biyu suna gaba, kamar yadda aka gada, suna shimfiɗa farin zane a ƙasa domin masu ɗaukar akwati su taka, suna naɗe na baya suna maido shi gaba. Yanzu zanen ya ƙare a gindin ƙofar ƙarfe. Rana ta take. Daga ciki ana jin gangunan biki.

Ta tsakanin ƙarafan na hango Tilakaratna a ƙarƙashin rumfa, da sarƙarsa a wuya, riƙe da kofi. Na kira sunansa, ba muƙaminsa ba. Ya zo da sauri yana waige.

"Kawu, a hankali mana. Wallahi na sha'afa da ranar. Ku ɗan koma baya zuwa mararraba, majalisa za ta turo mota, kyauta."

"A zamanin wane magajin gari aka taɓa juya gawa?"

"Zamani ya sauya, Kawu. Baƙi ne daga waje, sun kama wurin gaba ɗaya."

Lilawati ta matso cikin farin zanenta na sari, ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba.

"Kai, ɗan mai kwakwa," in ji ta. "Ranar da aka kai ubanka ta wannan hanyar, wa ya riƙe kan akwatin? Duba shi nan a kwance. Gaya masa ya koma baya. Gaya masa da bakinka, ni ba zan iya ba."

Ya gyara sarƙarsa, ya juya, ya koma rumfa.

Kafaɗun masunta sun fara rawa. Ba a sauke akwati a ƙasa, ba a juyawa, ƙofa kuma ba ta buɗuwa. Na tsaya da maganar da na ba mamaci, ban san inda zan kai ta ba. Sai babban mai wankin, tsoho sa'ana, ya ɗago naɗaɗɗen zanen ya dube ni.

"Mahattaya, ina zan shimfiɗa?"

Na bi katangar da ido har inda ta nutse cikin kumfa.

"Gaba," na ce. "Ta can."

Ya gangara, ya warware zanen a kan ruwa. Igiya ta ɗaga shi, ta kwantar. Masunta suka tattare zanen da suke ɗaurawa a ƙugu, suka shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, a ƙarshen katangar ya kai ƙirji, suka ɗaga akwatin sama da kawunansu. Na bi su da kwat ɗina da takalmina, Lilawati na riƙe da hannuna, mata na biye da mu. Muka ratsa gaban otal ɗin a cikin teku, a hankali, masu wanki suna naɗewa suna shimfiɗawa a kan igiya kamar a kan titi suke.

Gangunan suka tsaya. Baƙi suka taso bakin rumfa, wasu suna ɗaukar hoto. Ban dubi kowa ba, kuma har yau ban sake taka matakalar majalisa ba.

Washegari da hantsi na fito baranda. Lilawati ta karɓi zanen daga masu wanki, ta hana a wanke, ta shanya shi a kan shingen da ke tsakaninmu. Ya bushe ya yi tauri, gishiri ya yi masa layi-layi. Kujerar Siyadoris tana inda take, tana fuskantar ruwa.