Taɓon Rigar Dogo

Wata bakwai ke nan Uwar Dogo tana zuwa ofishin kamfanin shimfiɗa bututu duk ranar Litinin, ta zauna a benci kusa da kwandon shara. Ɗanta Dogo lebura ne. Ramin da suke haƙa ne ya rufta da shi bayan ruwan sama, sai da shebur aka tono gawarsa. A takardar da kamfani ya rubuta, wai shi ya shiga ramin ba da izini ba. Wannan layin take so a soke. Ba ta iya karatu ba, amma ta san inda ƙaryar take, layi na huɗu daga sama, don ta sha ɗora yatsa a wurin har ya yi baƙi.

Ran nan manaja ya fito yana kaɗa makullin mota, ya gan ta, ya juya wajen akawu ya yi Turanci. Akawu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Kalma ɗaya ta cafke, wadda ya ja da baki. Ta yi ta maimaita ta har gida, ko gaisuwar mai kanti ba ta amsa ba, kada ta zube a hanya.

Kai tsaye ta shiga wajen Malama, maƙwabciyarta da ta bar koyarwa.

"Mene ne walo?"

"Walo kuma? Ko dai wallow?"

"Ni na sani? Ke kika shekara talatin kina shan alli."

Malama ta sa tabarau, ta ɗauko ƙamus wanda bangonsa ya ɓalle. Ta duba.

"Ba wani abu ba ne, Yaya."

"In ba wani abu ba ne me ya ɗinke miki baki? Karanta."

"Birgima ce. Irin ta dabba a cikin taɓo, alade ko ɓauna." Malama ta bi layin da yatsa. "Ana faɗa wa mutum ma, wanda ya kwanta cikin baƙin ciki ya ƙi tashi, kamar yana jin daɗinsa. Har mai dukiya akan ce yana birgima cikin arziki."

"To wannan ta ƙarshen ta manajan ce." Uwar Dogo ta nuna ƙamus ɗin. "Wanda ya rubuta littafin nan ya taɓa kiwo kuwa? Daɗin me ke cikin taɓo? Zafi ne ke kai dabba can, da ƙudan da ke cin gyambonta!"

Da Litinin ta zagayo, ta buɗe akwati ta ɗauko rigar da aka tuɓe wa Dogo. Ba ta taɓa wanke ta ba, taɓon ya bushe ya sandare. Ba ta kalli benci ba. Akawu na "Mama, Mama, tsaya," ta ture ƙofa.

Manaja na zaune, helman leburori na tsaye gabansa da hula a hannu. Ta shimfiɗa rigar a kan tebur, ɓurɓushin ƙasa ya watsu a kan takardu.

"Na kai kalmarka an fassara mini. Ka ce ina birgima. To ga wanda ya yi birgimar. Har cikin hancinsa na ciro ƙasa da yatsana. Tambaye shi ko ya ji daɗi."

"Mama, ki yi haƙuri, ba haka nake nufi..."

"Ni ba uwarka ba ce. Wanda na haifa yana ƙasa, kun bi shi da ƙarya kun danne."

Helma bai ɗauke ido daga rigar ba. Aljihunta a yage yake, daidai inda ya kama ya ja ranar da suka tono shi. Hular hannunsa ta faɗi.

"Ni na ce ya shiga, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ya ce ƙasar ta jiƙa. Na ce in bai shiga ba kada ya dawo gobe."

Manaja ya karɓi takardar, ya ja layi a kan na huɗu, ya yi rubutu a gefe, ya sa hannu, ya buga hatimi. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Wata bakwai, ashe tsawon abin ke nan.

Ta dawo gida da azahar. Yanzu ba ta da inda za ta je ran Litinin. Ta ɗebo ruwa a baho, ta tsoma rigar, ruwan ya yi ja. Ta zubar a tsakar gida ta sake. A zubi na uku rigar ta fito shuɗiya kamar ranar da ya saye ta, babu ƙasa, babu warin guminsa, babu komai. Ta zube nan cikin caɓin, ta rungume rigar, ta saki kukan da faɗa ya hana ta yi.

Malama ta shigo da gudu, ta miƙa hannu za ta ɗaga ta, sai ta fasa. Ta kwance ɗankwalinta, ta tsuguna, tana kore mata ƙuda.