Allo Na Bakwai

"Ɗaga hannunki! Ke, baiwar Allah, ɗaga hannunki!"

Tun daga bakin rumfa Ngatemi ta ƙwala wannan ihu, kwanon da ta kai wa mara lafiya kunun shinkafa yana hannunta. Baturiyar da ke zaune a kan bencin Mbah Kasmuri, wato Kaka Kasmuri, tsohon masassaƙin da ke kwance a asibiti, ba ta ji me aka ce ba. Ta ɗago jar fuskarta da gumi ya jiƙe, ta yi murmushi, ta sake dafa ƙarfen sassaƙa a kan allo ta buga masa guduma. Baƙi takwas suna kewaye da ita, kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar hoto.

Handoko, mai yi wa baƙi jagora, ya tare Ngatemi da sauri yana rage murya, yana kiranta Yu, wato yaya. "Yu Ngatemi, lafiya? Za ki razana mana mutane. Daga nesa fa suka zo."

"Wa ya sauko da allon nan?"

"Ni ne, Yu." Sutikno, ɗan tsohon, mai kiransa Bapak, wato baba, ya fito daga bayan kujerun da aka jera. Dusar katako ta yi masa fari a gira, idonsa ya faɗa don zirga-zirgar asibiti. "Baƙi sun zo ganin Bapak, Bapak ba ya nan. Handoko ya ce yanzu ba kallo kawai suke so ba, so suke su taɓa da hannunsu. Na duba sama na ga alluna a naɗe cikin buhu, babu ko zane a jikinsu. Na ce bari su gwada a ɗaya."

Ngatemi ta ajiye kwanon a ƙasa, ta zauna a kan guntun kututture.

"Tikno," ta ce, "allunan kabarin ubanka ne."

A wannan lungu na Jepara, garin masassaƙa, kowane gida akwai guduma, kuma idan mutum ya ga katakon jati, iccen nan mai ƙarko da tsada, mai kyau a shafe babu fure babu ganye, abin da yake gani shi ne aikin da ba a fara ba. Shi ya sa Ngatemi ba ta iya yi wa Sutikno faɗa sosai ba. Ita kaɗai aka gaya wa. Shekara talatin tana zaune a gefen rumfar nan tana goge aikin Mbah Kasmuri da samfefa, katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa. Wata ranar damina, bayan rasuwar matarsa, ya kira ta ya nuna mata buhun. Ya ce allunan da ke ciki daga wata bishiyar jati suka fito, wadda mahaifinsa ya dasa ranar da aka haife shi. Da matarsa ta rasu ya sa aka sare bishiyar, ya fitar da alluna goma sha huɗu. Bakwai an jera wa matar kafin a tura ƙasa, bakwai ya ajiye wa kansa.

"Tikno in ya ji zancen kabari tashi yake yi," in ji shi a ranar. "Ke na ba wa amana. Wayam nake son su, Temi. Kada a sa musu ko ɗigo."

Yanzu ga allon a kan benci, an ƙwaƙule masa tsakiya. Wai ganye ne. Baturiyar ta ga fuskoki sun canza, ta ajiye guduma a hankali, ta tambayi Handoko wani abu. Ya amsa mata da fara'ar dole, ya kaɗa baƙinsa zuwa gidan gaba inda ake sassaƙa akwatuna.

Da rumfa ta yi shiru, Sutikno ya sa yatsa cikin ramin. Zurfinsa ya kai rabin kaurin allon.

"Samfefa ba za ta ci wannan ba?"

"Sai dai in goge har in fito ta baya."

"To a canza. Ina da jati a baya, in yanka daidai da shi."

"Ubanka da ke gane bishiya da hanci? Wanda ya taɓa mayar da motar katako guda don ya shinshina ya ce ba ta kai shekara ashirin ba?"

Sutikno ya shafa fuska da tafin hannu biyu. "To a kifa shi. Ai baya lafiya lau yake. Idonsa ma ba ya gani sosai yanzu."

Ngatemi ta miƙe. Ta ɗauki allon, ta share shi da gefen zaninta, ta mayar cikin buhu a ƙarƙashin 'yan uwansa.

Washegari aka sallamo tsohon. Likita ya ce a kai shi gida a ba shi abin da ransa yake so, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Aka shimfiɗa masa tabarma a kan gadon katako a ɗakin gaba, inda yake iya jin bugun guduma daga kowane gida. Kwana biyu bai ce komai ba sai "ruwa" da "ƙarfe nawa". Maƙwabta suka riƙa shigowa da ayaba da soyayyen rogo, su zauna kaɗan, su koma bakin aiki. Handoko ma ya leƙo, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Mbah, baƙi suna ta tambayarka. Hotonka ne fa a gaban takardar da ake raba musu."

"Ka ce musu tsohon biri ya gaji da rawa," in ji Mbah Kasmuri, idonsa a rufe. "Shekara uku ina buga guduma a kan iska don a ɗauke ni hoto. Ka nemo wani mai furfura, ai ba su gane mu."

A rana ta uku, da hantsi, Ngatemi tana ba shi shayi da cokali, ya kawar da kai.

"Temi, kawo min allunana in taɓa."

Ta tafi rumfa ta daɗe. Ta kawo shida, biyu-biyu, ta jingine su a gefen gado. Ya miƙa hannu yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaisawa da 'yan uwa. Da ya kai na ƙarshe hannunsa ya ci gaba da lalube a iska.

"Ko lissafin ma ya gudu ya bar ni? Shida na ji."

"Ɗayan na zuwa, Mbah."

Ta kawo shi a kife, ta ɗora masa a cinya. Sutikno yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Tsohon ya shafa bayan allon, ya gyaɗa kai. Zuciyar Ngatemi ta ce mata ta ɗauke yanzu, shi ke nan, an wuce wurin. Ta ma kai hannu. Sai ta tuna ranar daminar nan, ta ga ba za ta iya ba. Da kanta ta juya allon, ta kama yatsunsa ta ɗora a kan ramin.

Yatsun suka tsaya cak. Sannan suka fara bin gefen ramin a hankali, suka zagaya, suka dawo.

"Wace akuya ce ta ci wannan?"

"Laifina ne, Bapak," in ji Sutikno daga ƙofa. "Ban sani ba. Baƙi na ba wa su gwada."

"Laifina ne," in ji Ngatemi. "Ni aka ba wa amana, na bar su inda hannu zai kai."

Tsohon bai kula kowa a cikinsu ba. Ya jingina kai da bango, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Shekara sittin ina yi wa mutane ƙofa mai fure. Ƙofar masallaci, ƙofar otal, ƙofar attajiran da ban taɓa gani ba. Idona ya gaji da fure, Temi. Tawa guda ɗaya na ce a bar min ita wayam in huta."

Ya ture allon, ya juya fuska bango. Ranar bai ƙara shan komai ba. Ngatemi ta koma rumfa ta ɗauki ƙafar kujera tana gogewa, ta goge wuri ɗaya har ya yi kwari ba ta lura ba.

Da safe ta shigo ta tarar allon yana kan cinyarsa. Shi ya jawo shi, ko ta yaya. Yatsunsa suna cikin ramin.

"Me wai ake nufi da shi?" ya tambaya.

"Ganye, Mbah."

"Ganye! Na ɗauka kunnen akuya ne. Namiji ne ko mace?"

"Mace. Doguwa, kamar bishiyar kwakwa."

"Ƙarfi ne da ita, hankali ne babu. Ta bi katako ta gaba da jijiyarsa, shi ya sa ya tsage nan. Kuma babu wanda ya gaya mata? Kuna tsaye kamar turaku?" Ya yi tari, ya huta. "Kira min Tikno. Ya zo da ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa, da gudumata."

"Mbah, likita ya ce..."

"Likita ne zai kwanta a ƙarƙashinsa? Wayam dai ta wuce, na haƙura. Amma ba zan kwanta da wannan ɓarnar a kaina ba har tashin kiyama."

Sutikno ya kawo kayan. Tsohon ya kama ƙarfen, ya dasa shi daidai inda ya so ba tare da ya duba ba. Amma da ya ɗaga guduma sai ta rinjaye shi, ta faɗo kan tabarma. Ya kalli hannunsa kamar na wani. Sai Sutikno ya durƙusa a gefen gado, ya ɗauki gudumar.

"Riƙe ƙarfen, Bapak. Ni zan buga."

"Kai? Kai da ka koma sayar da kujerun inji?"

"Ai kai ka koya min."

"Na koya maka, ka zubar a hanya. Buga mu gani. A hankali! Ba ƙusa ba ce. Sake. Yauwa. Sake."

Haka suka yi safiya uku. Ba su wuce rabin sa'a, sai tsohon ya ce a ɗauke, ya kwanta yana haki. Ngatemi ce ke riƙe allon kada ya zame. Tana kallo kunnen akuya ya fara samun ƙugu, gefensa ya lanƙwashe, wurin da ya tsage ya zama jijiyar tsakiya. Uban yana juya ƙarfe, ɗan yana bugu, ba mai kallon wani. A rana ta biyu tsohon ya daina cewa "sake", don gudumar ta riga ta san lokacin da ake son ta. Wata motar baƙi ta tsaya a bakin lungu, Handoko ya wuce da su ta gaban gidan bai ko nuna ƙofar ba.

A safiya ta uku Mbah Kasmuri ya saki ƙarfen, ya shafa ganyen tun daga tushe har baki.

"A ƙara masa reshe, Bapak? Ya yi kaɗaici."

"Kun ji ku! Ba ku iya ganin fili ku bar shi. Ɗaya ya isa." Ya tura allon wajen Ngatemi. "Naki ne yanzu. Kada ki cinye min bakinsa da samfefarki, na san halinki."

"Shekara talatin ban taɓa cinye maka baki ba."

"Sau biyu. Na yi shiru ne kawai."

Ta yi dariya, hawaye yana zuba a kan allon, tana sharewa da babban yatsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika, Sutikno yana riƙe da hannunsa. Aka sanar a lasifikar masallacin unguwa, gudumomi suka yi shiru gida bayan gida har ƙarshen lungu. Da safe maza suka ɗauke shi, wasu biyu suka bi baya da alluna a kafaɗa. Ngatemi ta tsaya a gida tare da mata, tana zuba shayi, tana amsa gaisuwa.

Wajen azahar Sutikno ya dawo, jar laka har gwiwarsa. Ya zauna a dokin ƙofa yana cire takalmi. Ta kawo masa ruwa, ta tsaya.

"Ina ganyen ya kalla?"

"Liman ma sai da ya tambaya." Ya sha ruwan, ya goge baki. "Ciki, Yu. Wajensa."

Ta gyaɗa kai. Ta shiga ɗakin gaba ta naɗe tabarmar da ya kwanta a kai, ta fito da ita tsakar gida ta kakkaɓe. Ƙananan ɓarɓashin jati suka zubo daga saƙarta, a nannaɗe, kowanne bai fi farce ba. Wata kaza ta taho da gudu, ta tsattsagi ɗaya, ta ajiye, ta wuce. Ngatemi ta jingine tsintsiya da bango ta bar su a nan.