Digirin Auta

Da gwiwa ta fara hana shi tsayuwa gaban allo, Malam bai faɗa wa kowa ba. Ya koyar da kimiyya a makarantar nan tun tana 'yan azuzuwa kaɗan har ta zama bene, yara suka laƙaba masa Baba Kimiyya. Mai makarantar ce ta lura ba ya iya miƙewa sai ya dafa tebur. Ta kira shi ofis ta ce ba za ta bari ya koma gida ya zauna ba. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da aka rubuta wa "Laburare" a ƙofa, amma babu abin da ya fi yawa a cikinsa kamar tsintsiya da karyayyun kujeru. Shi take so ya riƙe.

"Aikin zama ne, Malam," in ji ta. "Ka buɗe, ka rufe, ka hana surutu."

Da ya kawo labarin gida, matarsa ta yi dariya har ta saki ludayin da ke hannunta. Dariyar tana da dalili. Lokacin da autarsu ta sami gurbin karatun ilimin laburare a jami'a, Malam ya so ta karanta harhaɗa magunguna ne. Ya ce mata, "Shekara huɗu don a koyi jera littattafai? Zo in koya miki da yamman nan, kafin a gama abinci." Auta ta tafi ta yi karatunta. Yanzu tana aiki a laburaren wani babban asibiti.

"Sai ka kira ta ta nuna maka hanya," in ji matarsa.

"Hanyar me? Littafi ne, kanta ce. A ɗauko a ɗora."

Kuma a farko abin ya tafi kamar yadda ya ce. Ya sa aka fitar da tarkacen, aka gyara taga, kafinta ya ƙara kantoci. Littattafan ba su da yawa, ya jera su yadda darussan makaranta suke: lissafi nan, kimiyya nan, tarihi can, labarai kusa da ƙofa. Yara suka fara leƙowa, da farko don fankar ɗakin ta fi ta aji, daga baya don Baba Kimiyya ba ya barin yaro ya zauna hannu banza. Ya san wanda ke son injuna, ya san wadda ke jin kunyar karatu a fili saboda i'ina. Yakan miƙa wa yaro littafi ya ce, "Karanta shafi biyu. In bai yi maka ba, dawo ka zage ni." Ba a taɓa dawowa an zage shi ba.

Sai ga kyauta ta zo. Wata kwaleji da aka rufe ta raba littattafanta, mai makarantar ta yi ta kamun ƙafa har aka ba ta kaso. Babbar mota ta zo ta juye kwalaye a baranda, har hanyar wucewa ta toshe. Malam ya tsaya yana kallonsu, ransa fari tas. Ya zage damtse ya hau jerawa.

A nan tsarinsa ya fara ba shi ruwa. Ya ɗauko wani littafi a kan tarihin magani, ya rasa inda zai kai shi. Ya ajiye shi a tarihi, da safe ya ga ai kimiyya ne, ya mayar, da yamma kuma zuciyarsa ta ƙi. Irinsa suka yi ta fitowa, har ya ware kanta guda don littattafan da ya rasa gidansu, kantar ta cika ta batse. Wata rana malamin labarin ƙasa ya zo neman wani littafi a kan koguna. Malam ya san ya gan shi da idonsa, shuɗi ne, bangonsa ya ɗan yage. Ya yi kwana da kwanaki yana nema bai gani ba. Ya koma yana dawowa gida da atishawa da ƙura a gira, ba ya ko iya hira.

Matarsa ba ta shawarce shi ba, ta ɗauki waya ta kira Auta.

Ranar Asabar Auta ta iso da tsohon wando da safar hannu. Ta gaishe shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iskar ɗakin.

"Baba, kwalayen nan daga ina aka ɗauko su? Sito?"

"Ina ruwanki da inda suka fito? Shigo ki ga aiki."

Ta zagaya ta ɗaga wani kwali da ke jingine da bango. Ƙasansa ya zube, gara ta watse a siminti. Garar ta riga ta ja hanyar ƙasa ta hau ƙafar sabuwar kanta. Malam ya yi salati. Suka kira maigadi, aka kwashe sauran kwalayen zuwa tsakar makaranta, aka baza su a rana.

Can Auta ta zauna a kan benci ta fara ɗaga littattafai ɗaya bayan ɗaya. Ta duba bango, ta duba shekarar bugawa, ta buɗe tsakiya, sai ta ajiye dama ko hagu. Malam ya lura tarin hagu ya fi saurin girma.

"Waɗannan fa na ina ne?"

"Na zubarwa ne, Baba."

Ya dube ta kamar ta zagi wani babba. Shi mutum ne da ko takardar da aka ƙunso masa ƙusa sai ya karanta ta kafin ya yar.

"Au, abin da aka koya muku ke nan? Zubar da littafi? Ni da na yi karatu, mu biyar muke rabon littafi ɗaya!"

Ta zaro wani daga tarin hagu, littafin taimakon gaggawa mai tsabta, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ta buɗe ta miƙa masa. Ya gyara tabarau ya karanta. Littafin ya ce idan maciji ya sari mutum, a tsaga wurin da wuƙa a tsotse dafin da baki.

"Wannan ai an daina tun tuni," ya ce.

"Kai ka sani. Yaron aji ɗaya bai sani ba. Shi dai ya gani a laburaren Baba Kimiyya."

Malam ya rufe littafin a hankali, ya mayar da shi tarin hagu da hannunsa. Amma bai sallama gaba ɗaya ba. Duk lokacin da ta juya baya sai ya zare ɗaya ya tura ƙarƙashin benci. Ta gan shi sarai, ta bar shi da guda uku, da sharaɗin gida zai kai su.

Asabar ta biyo Asabar suna aikin. Ta ba kowane littafi lamba a gadon bayansa, ta nuna masa yadda lambar ke zama adireshi, yadda littafin tarihin magani yake da gida ɗaya tak ko da ta ƙofa biyu aka zo nemansa. Littafin koguna ma ya fito, a tsakiyar littattafan noma. Da aka zo kan labaran yara, ta so ta jera su da sunayen marubuta.

"A'a," in ji Malam. "Yaran nan ba su san marubuci ba. Zuwa suke su ce, 'Baba, mai zakin nan,' ko 'mai ban tsoron nan.' In kika jera haka, ni kaɗai zan riƙa ganewa."

Ta tuna nata laburaren. Masu zuwa wurinta likitoci ne, kowa da sunan abin da yake nema a baki.

"Ka fi ni sanin mutanenka," ta ce. Suka liƙa wa labaran 'yan takardu masu launi, na dabbobi kore, na ban tsoro ja.

Ɗakin ya zauna, har iyaye suka fara tsayawa suna leƙe idan sun zo ɗaukar yara. Ana haka mai makarantar ta sake kiransa ofis. Ta rufe ƙofa, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Masu duba makarantu za su zo, kuma ƙa'idarsu ta ce makaranta mai girman wannan sai ta sami ma'aikacin laburare mai digirin fannin.

"Ba wani abu ba ne, Malam. 'Yarka ai tana zuwa nan. Ta ba mu kwafin takardarta mu rataye a bango, mu sa sunanta cikin ma'aikata. Su gani su tafi. Kai kuma ka ci gaba da aikinka."

Malam ya fito ransa a jagule. Bai ce mata eh ba, bai kuma ce a'a ba, wannan ne ma ya fi damunsa. Yana son ɗakin nan fiye da yadda ya zata zai so shi. Da Asabar ta zo, ya bari sai da suka gama aiki suka zauna shan ruwa, sannan ya faɗa wa Auta, idonsa a kan kofi.

Ta saurare shi har ƙarshe.

"Baba, kai za ka ba wani takardarka ya rataye a ɗakin gwaji, a ce kai ne ke kula da yaran, alhali kana gida?"

"Ba zan bayar ba."

"To ni ma haka."

Ya gyaɗa kai. Ya san amsar tun kafin ya tambaya. Ya ɗan jima yana murza gwiwarsa.

"To faɗa mini tsakani da Allah, ba don ni ubanki ne ba. Aikin nan da nake yi, sai da digiri?"

"Ɗakin nan kamar yadda yake yau, a'a. Da ka sami horo na 'yan watanni, za ka riƙe shi, ka ma fi wasu masu digirin, don kai kana son yaran. Amma ba kai ka ga garar ba, Baba, kuma da kwalayen sun kwana biyu da ta cinye maka kantoci. A wurina kuwa, likita ne zai zo ya ce in tattaro masa duk binciken da aka yi a kan wata cuta, in ware sahihi daga na banza, zai shiga tiyata da shi. Wannan ba da son littafi kaɗai ake yin sa ba."

"Wato ana bukata, kuma ba a bukata."

"Ya danganta da ɗakin. Su dai masu dubawa ƙa'ida ɗaya suka sani."

Da Litinin ya je ya gaya wa mai makarantar cewa takarda ba za ta samu ba, kuma ko da Auta ta yarda shi ba zai rataye ta ba. Ta ɓata rai, ta yi kwanaki gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki ba.

Masu dubawa suka zo, su biyu. Suka zagaya ɗakin, suka yaba tsarin, ɗaya ma ya tsaya yana karanta wani littafin taurari har abokinsa ya taɓa shi. Sannan suka tambayi Malam abin da ya karanta. Ya ce kimiyya. Suka rubuta cewa laburare yana da kyau amma ba shi da ƙwararre, suka ba makarantar wa'adi ta gyara.

Kafin zangon ya ƙare aka ɗauki wata mata mai digirin, wadda ta ajiye aiki shekarun baya don rainon 'ya'yanta. Aka ba ta shugabancin ɗakin, Malam ya zama mataimakinta. A haife ya haife ta. Satin farko bai yi mata magana ba sai ta aiki, ita kuma ta rasa yadda za ta aike shi, sai ta riƙa tashi tana yin komai da kanta. Wata safiya ya gan ta tana kokawa da wani kwali mai nauyi.

"'Yata, in za ki zama shugaba ki zama. Ki ce Malam yi kaza, in yi. Wannan kunyar taki aiki take ɓata mana."

Daga ranar suka daidaita. Ta shigar da littattafan duka cikin kwamfuta, ta samo musu mujallun kimiyya daga wata ƙungiya da Malam bai taɓa jin sunanta ba. Shi kuma ya riƙe lokacin karatun yara, yana zaune suna kewaye da shi a ƙasa. Yara suka sa mata Anti Laburare. Sukan yi saɓani a kan yaran da suka makara da littafi, ita tana son a bi doka, shi yana nema musu uzuri, yawanci a rabu a tsakiya.

Wata yamma ya dawo gida yana cire takalmi, matarsa ta leƙo daga kicin.

"Sannu da zuwa, mataimaki. Yaya shugabar taka?"

"Tana lafiya. Ta san aikinta, ba laifi," ya ce. "Gobe za ta koya mini kwamfutar. Ki nemo mini ɗayan tabaran nan, wannan ba ya ganin ƙananan rubutu."