Mai Ƙwanƙwasa Ƙofar Auta

A ofishin nan da ke saman shagon mai taya, kowa Injiniya yake ce masa, har mai shara. Shi ya gina manhajar da kamfanin ke ci da ita. Aikinta ba mai wuyar faɗa ba ne. Kasuwannin kuɗin kirifto, wato kuɗin da babu takardarsa sai a kwamfuta, suna da yawa a intanet, kowace da nata farashin, kuma kowace ta buɗe wata 'yar ƙofa da ake kira API, inda manhaja ke zuwa ta tambayi farashi a ba ta amsa ba tare da mutum ya sa hannu ba. Manhajar Injiniya takan bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa mai saye inda ya fi araha, ta nuna wa mai sayarwa inda ya fi tsoka. Ma'auni ya sa mata suna, kuma in yana maganarta sai ka rantse 'yarsa ce ta fari.

Ana zaune lafiya sai ya jawo wa kansa: ya kawo ƙaninsa aiki.

Auta ne a gida, a ofis ma Auta ya zama. Injiniya ne ya nuna masa inda ake kunna kwamfuta tun yana yaro, shi ne kuma ya roƙi Manaja ta ɗauke shi ko don ya riƙa gyara ƙananan abubuwa. Aka ba shi teburin da ke kusa da ƙofar banɗaki, wanda kowa ke gudu. Daga can ya lura cewa kafin Ma'auni ta kai kasuwa ta ƙarshe, farashin ta farko ya riga ya canza. Bai ce wa kowa komai ba. Ya zauna a lokacin hutun rana ya rubuta tasa manhajar, wadda ke tambayar kasuwannin duka a lokaci guda, ta kuma cire ladan da kowace ke yanka kafin ta faɗi inda ya fi sauƙi. Ko suna bai sa mata ba, "ta Auta" kawai ake cewa.

Ranar da Manaja ta gani, sai ta jawo kujera ta zauna a gefen teburin nan na bakin banɗaki. Mace ce da ba ta zama a teburin kowa, a tsaye take magana ta wuce. Injiniya na kallonsu ta saman allonsa, shayinsa ya huce bai sani ba.

"Ba za mu riƙe biyu ba," in ji Manaja a taron safe. "Masu hulɗa da mu za su ruɗe. Ƙarshen wata kowa ya nuna tasa, mu ɗauki ɗaya, a kashe ɗaya."

Injiniya ya yi murmushi, har ya dafa kafaɗar ƙaninsa. A cikinsa kuwa wuta ce ke ci. Kishi ne, ba wani abu ba, ko da yake shi ya fi so ya kira shi kishin aiki. Abin da ya ƙara ƙona masa rai shi ne ranar hutu da suka haɗu a gidan mahaifiyarsu. Wayarta ta ƙi ƙara, ya miƙa hannu zai karɓa kamar yadda ya saba shekara da shekaru, sai ta ce, "Bar shi kawai, ka huta. Auta zai duba min." Ya mayar da hannun aljihu, ya ce dama sauri yake yi.

Mai hankali da sai ya koma ya gyara Ma'auni. Injiniya kuwa laifin ta Auta ya shiga nema ruwa a jallo. Manhajar Auta ma tana da tata ƙofar, kowane ma'aikaci kuma an ba shi mabuɗinsa na shiga. Sai ya rubuta wata 'yar manhaja ta sirri, ya ɓoye ta a kwamfutarsa. Aikinta ɗaya: ta tambayi ta Auta farashi, ta je kasuwar da kanta ta tambaya, ta gwada. In ta ga bambanci, sai ta sake yin tambayar nan, ta sake, ta yi ta nanatawa har ta tabbatar ba kuskuren layi ba ne, sannan ta yi 'yar ƙara a wayarsa kamar an taɓa kofi da cokali. Injiniya mutum ne mai tsantseni, ba ya son ya yi wa kowa ƙazafi. So yake in ya kayar da ƙaninsa ya kayar da shi da gaskiya.

Da ƙarar ta fara zuwa, ya ji wani sanyi har tafin ƙafarsa. Ta Auta ta manta cewa wata kasuwa tana ƙara lada a kan ƙananan ciniki. Ya ɗauki hoton allon ya adana. Washegari wata ƙarar: in wata kasuwa ta yi jinkirin amsawa, ta Auta sai ta riƙe tsohon farashi ta nuna shi kamar sabo. Wani hoton. Ya koma mutum mai fara'a, yana gaida mai taya da hannu biyu.

Matarsa ce ta fara gajiya. Suna cin abinci wayar na gefen faranti, yana satar kallonta.

"Ko lokacin da kake nemana ba ka jira saƙo haka ba," ta ce. "Wace ce?"

"Aiki ne."

"Aikin nan dai in ya yi ƙara sai ka washe baki, in ya yi shiru ka sha mur. Allah ya sa alheri ne."

Shi dai ya san ba alheri ba ne.

Sai ƙarar ta fara raguwa. Yini guda ya wuce babu ko ɗaya. Bai kawo komai a ransa ba illa cewa manhajar sirrin tasa ce ta yi sanyi, don haka ya ƙara mata kaifi. Ya koya mata tambayar kuɗaɗen da ba kowa ke saye ba, da yin tambaya daidai lokacin da kasuwa ke rikicewa, da jefa tambayoyi masu karkatacciyar siga don ta ga ko ta Auta za ta yi tuntuɓe. Bai taɓa zuba basira a wani aiki kamar wannan ba. Ƙarar ta dawo, ya tara hotuna, ta sake ɗaukewa. Duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya bai buɗe Ma'auni ya ga lafiyarta ba.

Ranar nuni aka taru a ɗakin taro, aka haɗa kwamfuta da babban allon bango. Injiniya ya ce a bar shi ya fara, kuma ba da tasa zai fara ba.

"Kafin mu ɗora wa mutane abu, ya kamata mu san raminsa," ya ce, murya a sanyaye kamar mai ta'aziyya. "Auta ƙanina ne, amma aiki aiki ne."

Ya nuna hoton farko, ya bayyana kuskuren ladan. Sannan, don kowa ya gani da idonsa, ya yi wa ta Auta tambayar nan a take. Amsa ta fito daidai. Ya ce to, wataƙila sa'a ce. Ya nuna hoto na biyu, ya gwada. Daidai. Na uku ma haka. Ya ji gumi na bin bayansa duk da fankar da ke kansa. Ya tsallake zuwa na ƙarshe, wanda ya fi ji da shi, ya buga tambayar. Ta Auta ta amsa, har da ɗan rubutu a ƙasa cewa wannan kasuwar ta yi jinkiri, a yi hattara da farashinta.

Auta ya miƙe, bakinsa har kunne.

"Ranki ya daɗe, ai duk Yaya ne ya gyara min su," ya ce wa Manaja. "Kowace tambaya da mabuɗin mai ita take shigowa. Na ga mabuɗin Yaya yana ƙwanƙwasa min ƙofa ba dare ba rana. Sai na lura in ya tsaya a wuri ɗaya yana ta maimaita tambaya, to akwai matsala a wurin. Kullum da safe nan nake fara dubawa. Ban taɓa zuwa na tarar babu komai ba."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Injiniya ya tsaya da hannu a kan kwamfuta. Shi da ya koya wa rabin mutanen ɗakin nan cewa mabuɗi ba ya ɓoye mai shi, shi ne ya je leƙen asiri da nasa mabuɗin a hannu.

"To mu ga Ma'auni," in ji Manaja.

Ya buɗe ta. Layin kasuwa ta uku ya tsaya cak a kan wani farashi da ko mai shara ya san ya tsufa. Kasuwar ta sauya tsarin ƙofarta tun farkon wata, ta aiko da sanarwa, sanarwar na nan cikin saƙonnin da bai buɗe ba. Babu wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

Manaja ba ta ja magana ba. Ta Auta za a riƙe. A kashe Ma'auni kafin a tashi aiki. "Wannan mai binciken kuma da ka rubuta, Injiniya, kada ka taɓa ta. A bar ta tana aiki. A gaskiya ban ga abin da ka taɓa yi mana da ya kai ta ba."

A matattakala Auta ya cim masa. Ya sauko mataki ɗaya ƙasa da shi, kamar yadda yake yi tun suna yara in zai yi magana da babba.

"Yaya, tun da na zo nan ba ka taɓa duba abin da na rubuta ba. Na ɗauka ka raina shi ne. Ranar da na fara ganin mabuɗinka, fita na yi waje na kira Mama na gaya mata. Ta ce dama ta san ba za ka bar ni ni kaɗai ba."

Injiniya ya dube shi yana neman ko ɗigon shaƙiyanci a fuskarsa, don da ya samu da ya ji sauƙi. Babu. Yaron da gaske yake, idonsa har ya kawo ruwa. Gaskiyar ta taso wa Injiniya har bakin leɓe, ya ga in ya faɗe ta abin da zai karya ya fi Ma'auni girma, ya haɗiye.

"Je ka ci abinci," ya ce.

Da yamma, da ofis ya fara watsewa, ya zauna ya kashe Ma'auni da hannunsa. Ba ta ɗauki lokaci ba. A ɗaya gefen allon 'yar manhajarsa na nan tana ƙwanƙwasa ƙofar Auta, tana tambaya, ana ba ta amsa daidai. Ya kashe fanka, ya ɗauki jakarsa, ya sauka ya wuce mai taya bai gaishe shi ba. Sai da ya kai bakin titi ya lura wayar na hannunsa, ya ƙure mata murya, yana jira ta yi ƙara.