Dutsen Ortwin

Ko ciyawa ba ta tsiro a kan kabarin Ortwin ba, 'yan ƙungiya suka fara zancen rushe dutsensa.

Dutsen dai na filasta ne da waya da tsofaffin jaridu, tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Yana can kusurwar ɗakin ƙasa inda masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa a garin, nan kusa da Duisburg, suke haɗuwa duk Asabar. Kowa da yankinsa a kan babban teburin: wannan tasha, wancan gada, wani mahaƙar kwal. In mutum ya mutu, wani ɗan ƙungiya ya karɓi yankinsa, in ba mai so a share wurin. Na Ortwin kuwa ba mai so, kuma ba a ga laifinsu ba. Duk mai hankali in ya ratsa layi ta cikin dutse yakan bar ƙofa a baya, inda hannu zai shiga ya goge dogo. Ortwin ya ce shi bai taɓa ganin dutse mai ƙofa a baya ba, ya liƙe nasa ruf. Ƙura ta taru a ciki, dogon ya daina ba da wuta, kuma waɗannan jirage daga dogo suke shan wutarsu. Shekara da shekaru ke nan da aka rufe layin.

'Yarsa Hiltrud ta ji labarin a bakin Gernot, shugaban ƙungiyar, aminin babanta. Ya kira ta ne ta zo ta kwashe kayan aikin marigayin kafin a sa zarto. Ta zo, amma ba ta taɓa ko guduma ba. Ta tsaya tana kallon gindin dutsen, inda shaidar ɗan yatsanta take har yanzu, tun ranar da take yarinya tana dama masa filasta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ita za ta karɓi yankin.

Gernot ya tuna mata cewa ita ba 'yar ƙungiya ba ce, kuma ta san doka: mai son shiga sai ya ƙera kan jirgi da hannunsa, ya ja taragai ya zagaye teburin ba tare da yatsa ya taɓa shi ba.

"To, Kawu, zan ƙera," in ji ta. "Kuma ta cikin dutsen zan bi."

"Ke 'yar nan, taurin kan ubanki kika gada? In ya tsaya a ciki, da zarto za mu fito miki da shi, a ranar."

"In kuma ya fito fa?"

Gernot ya ce in ya fito, ai dutsen ba shi da sauran laifi.

Hiltrud direba ce. A tashar jiragen ruwa take tuƙa kan jirgi na gaske, irin na zamani mai injin dizal da batir, wanda in ya shiga rumfar kaya yakan kashe injin ya tafi da batir shiru. Babanta, wanda bai yarda da jirgin da ba ya hayaƙi ba, firiji mai taya yake kiransa. Sun sha yin faɗa a kan haka a teburin abinci har miya ta huce. Sau tari ta ce ya zo ya hau ya gani, yana cewa sai wani mako, har ya mutu bai hau ba. To, wannan firijin ta ƙudura za ta ƙera.

Duk rani a kansa ta ƙare. Ta auna na gasken tun daga fitila har matakala, ta dawo gida ta yanka tagulla, ta ƙona yatsu da dalma har suka yi kanta. Wahalar ita ce batir. Jikin jirgin bai fi tsawon tafin hannu ba, kuma sai ya ɗauki na'urar juya taya da 'yar lasifika mai yin gurnanin dizal. Batir na farko ya hana murfi rufuwa. Na biyu ya shiga, amma bai iya jan tarago ko guda ba. Ta shimfiɗa dogo a falonta, ta liƙe tsakiyarsa da takarda don kada wuta ta ratsa, jirgin ya yi ta mutuwa a kan takardar tana mayar da shi baya. Wata rana har ta ɗaga shi za ta maka da bango, sai ta ajiye, ta dafa kofi, ta sake kwance shi. Daga ƙarshe ta gane lasifikar ce ke shanye ƙarfin, ta gyara shi yadda in wutar dogo ta ɗauke, ƙarar injin ta mutu, batir ya ji da taya kawai.

Ranar gwaji matar Gernot ta aiko da kek ɗin tuffa, tsofaffi suka cika ɗakin. Da Hiltrud ta buɗe akwati aka kwashe da dariya. Su al'adarsu, kan jirgi sai an shafa masa baƙi da tsatsa ya yi kama da wanda ya sha aiki, nata kuwa kore ne shar, yana ƙyalli. Eckhard mai gada ya ɗaga kwalbar giyarsa ya tambaya ko za ta sa masa ita a ciki ta yi sanyi. Wani ya ce batir ai maguɗi ne. Gernot ya ce a'a, dokarsu ita ce ƙarami ya yi kama da babba, kuma babban da batirinsa yake yawo. Amma fa zarton yana kan kujera kusa da shi.

Jirgin ya tashi da gurnanin dizal, ya wuce tasha, ya haye gadar Eckhard, ya zagaye mahaƙar kwal. Gernot da kansa ya juya masa layi zuwa wanda aka rufe. Taragai suka shige bakin dutsen ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya ɓace, sai gurnanin ya ɗauke ɗif.

A wurin waɗannan mutane, jirgin da ya yi shiru ya mutu ke nan. Eckhard ya ajiye kwalba. Wani ya ɗaga hannu zai bugi teburin, yadda suka saba yi wa jirgin da ya maƙale, Hiltrud ta riƙe hannun. Gernot ya ɗauko zarton, ba don mugunta ba, idonsa ma ya kawo ruwa.

"Yi haƙuri, 'yata. Kin yi ƙoƙari."

"Kawu, ajiye. Bai mutu ba, aiki yake."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma ita ma tsoro ya kama ta, don a falonta ba ta taɓa gwada duhu mai tsawon wannan ba. Ta kafa ido a ɗaya bakin ramin, ta ƙi ko ƙiftawa. Shirun ya yi tsawo har Eckhard ya fara gyaran murya.

Sai ga 'yar fitila. Jirgin ya fito a hankali kamar mai rarrafe, ya taka dogo mai wuta, injin ya sake tashi da gurnani. Koren nan duk ya tafi. Ƙurar shekaru ta lulluɓe shi fari fat, saƙar gizo na jan ƙasa a bayansa, garin filasta ya cika masa matakala.

Da ya tsaya a tasha Gernot ya cire makullin ɗakin daga cikin nasa ya miƙa mata. Eckhard, wanda dariya ta ƙare masa, ya zaro ɗan burushi daga aljihu zai kaɗe ƙurar. Hiltrud ta tare shi da hannu.

"Bar shi haka, Kawu Eckhard," ta ce. "Babana ne ya shafa masa."