Safiyar da Layinmu Ya Yi Tsit

Sharaɗin kamfanin sabulun guda ɗaya ne: za su ɗauki Yaya aikin jera sabulu a kwali, amma sai in zai iya kai kansa bakin ƙofarsu ba tare da ɗan jagora ba. Idan ya faɗi gwajin wannan safiya, gurbin zai koma hannun wani ɗalibin cibiyar koyar da makafi sana'a, shi kuma ya koma kan tabarmar da ya daɗe a kanta tun da hawan jinin ido ya raba shi da sitiyarin motar haya. Na san abin da tabarmar nan ta yi masa. Mutumin da a da muryarsa ke riga shi shigowa gida ya zama sai an yi masa magana sau biyu kafin ya amsa.

Malamar cibiyar ta iso da wuri, ta same shi a tsaye da farar sandarsa, ya riga ya shirya tun kafin a kammala shara.

"Zan biyo ka daga nesa, ba zan ce uffan ba," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Kai ma in za ka zo, ka haɗiye harshenka. Yana da damar tambayar kowa abin da yake so, amma duk wanda ya kama masa hannu ko sanda, ko ya nuna masa hanya bai tambaya ba, to ya kayar da shi."

"Wannan ai ko a gida bai cika magana ba, sai tunani kamar wanda aka bar wa duniya gado," in ji Yaya. Ya yi dariya, amma na ga yadda ya damƙe sandar.

Inna ce ta ba ni mamaki. Ita da ta yi makonni tana cewa a haƙura da aikin nan, sai ga ta a bakin ƙofa hankalinta kwance. Ta ja ni gefe ta raɗa mini, "Kada ka damu, Auta, na gyara komai." Ban tsaya tambayarta ba, don har sun fita.

Makonni suka yi shi da Malama suna bin hanyar nan har ta zauna masa a kunne. Ya sha karanta mini ita da yamma: keken ɗinkin tela a hagu, sai rediyon mai aski, sai ƙarar injin mai walda. A nan sandarsa za ta bugi tarin ƙarafan da ke jingine da bango, ya san lokacin shan kwana ya yi, ya shiga lungun da ke kaiwa kamfani. In ya wuce kwanar, gabansa babban titi ne, da kwata mai zurfi wadda ba ta da murfi.

Ba mu yi nisa ba na ji wani abu bai yi mini daidai ba. Tela yana zaune a shagonsa, ƙafarsa a kan keke, amma ba ya takawa. Mai aski yana hango mu ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Matan da ke hira a bakin famfo suka katse zance, wata ta janye ɗanta daga hanya. Layin da kullum ake ɗaga murya kafin a ji juna ya zama ba a jin komai sai taɓin sandar Yaya a ƙasa, dama da hagu. Sai a lokacin maganar Inna ta faɗo mini. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ke nan, ta roƙe su kada su dame shi da hayaniya.

Tafiyarsa ta ragu. Ya karkata kai yana neman keken tela, bai samu ba. Ya ci gaba, yana neman rediyo. Na kalli Malama, ta girgiza mini kai ba tare da ta dube ni ba.

Mai walda ya fi kowa himma. Ya kashe injinsa, ya kwashe ƙarafansa kaf, har ya share wurin. Sandar Yaya ta shafi bango fayau, ba ta bugi komai ba. Ya wuce kwanar.

Kalma ɗaya ta isa, kuma tana nan a kan harshena. In na faɗe ta, na mayar da shi tabarma da bakina; in na yi shiru, kwata na gabansa. Na shiga lissafin ko zan iya cim masa da gudu kafin ya kai, na kuma ga cewa gudun ma kayar da shi ne.

Sai ya tsaya cak. Ƙarar motocin babban titi ta yi masa kusa fiye da yadda ya saba jin ta. Ya juya hagu, ya juya dama, gumi na bin wuyansa. Tela, wanda ya biyo mu a hankali, ya kasa daurewa, ya nufe shi hannu a miƙe.

"Direba, kawo hannunka in..."

"Kada ka taɓa ni!" Yaya ya ja da baya, har tela ya razana. Ya sauke numfashi, sannan ya ɗaga murya irin yadda yake yi a tasha da can. "Kai mai walda! Wuta aka ɗauke maka ko rai?"

Daga bayansa aka amsa, "Ina nan da raina, Direba! Inna ce ta ce mu yi maka shiru ka wuce lafiya."

Yaya ya juya gaba ɗaya ya fuskanci muryar. "Ina ƙarafanka?"

"Na kwashe, kada ka yi tuntuɓe."

"Shekara da shekaru kana tare wa jama'a hanya da tarkacenka, an yi ta fama ka ƙi, sai yau da nake nemansu ka zama mutumin kirki? Don Allah kowa ya koma aikinsa. Mai aski, kunna mana wannan gwangwanin naka!"

Dariya ta ɓarke a bakin famfo. Rediyo ya kama, injin walda ya tashi da ƙararsa mai cika kunne. Yaya ya dawo da baya a hankali, yana auna ƙarar, har sandarsa ta faɗa inda bango ya ƙare. Ya shiga lungun.

A bakin kamfani shugaban ma'aikata yana jira. Ya dubi Malama, ta ce, "Da ƙafarsa ya zo." Mutumin ya ce a shigo da shi ya fara yau, sai Yaya ya ce a faɗa masa dai ta ina ƙofar take. Ya lalubi ƙarfen ƙyauren ya shiga, bai kuma waiwayo ba.

Malama ta ce in an tashi aiki da la'asar zai komo shi kaɗai, babu ita babu ni. Na kama hanyar gida ina juya yadda zan faɗa wa Inna abin da ya faru ba tare da na sa ta kuka ba. Sai na tuna mai walda yakan rufe shago da wuri wasu ranakun, na tsaya na tambaye shi yaushe zai tashi yau.